Aikin Minti Biyu

Ku samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona kullum bayan la'asar, kuna gardamar wace kwamfuta ta fi gudu, wace waya ta fi ɗaukar hoto, jiya na ji ɗayanku yana cewa gyara ai ba wani abu ba ne, ya gani a bidiyo, minti goma Baturen ya kwance ya mayar. Ban tanka ba, don a lokacin akwai noti huɗu a bakina. Yau bakina ba komai, sai ku saurara.

Kwamfutar da Baturen bidiyo ke buɗewa ba ta taɓa zuwa Kaduna ba. Ba a taɓa zuba mata kunun gyaɗa ba, kyankyaso bai taɓa tara iyali a cikinta ba. Ni kuwa na buɗe ta wani ma'aikacin gwamnati na tarar da ɓawon gyaɗa da tsinken sakace uku a ƙarƙashin madannai, mutumin nan ya rantse mini bai taɓa cin komai kusa da ita ba. Wata Hajiya daga Unguwar Sarki saboda tsabar tattali ta ɗinka wa tata riga mai auduga, tana aiki da ita a cikin rigar, har fankar ta gaji ta mutu. Da na ce zafi ne ya kashe ta, sai ta ce ai ita ba ta taɓa ajiye ta a rana ba. Irin waɗannan ba sa cikin bidiyo.

A wurin Malam Isiyaku na koyi aiki, a wani lungu da ke bayan Babbar Kasuwa. Shi da rediyo ya fara, ya koma tafireta, kwamfuta ta zo ta same shi a zaune ya karɓe ta kamar baƙuwar da ba a gayyata ba. Wata shida na yi ban taɓa komai ba sai buroshi da injin hura iska, da gwangwanin madara da muke tara notunan da suka yi saura. Kowane mai gyara na da irin wannan gwangwanin, wanda ya ce muku ba shi da shi maƙaryaci ne. Sai a hankali ya bar ni na riƙe sukundireba, daga baya mita ta gwajin wuta, daga ƙarshe ƙarfen narka dalma, wanda har yau tabonsa na nan a babban yatsana. Amma a cikin kayan aikin nan kaf, wanda ya fi ciyar da mu shi ne kilina, abin goge fensir na 'yan firamare.

Ga dalili. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan siririn allo da ake kira ram, tsawonsa bai kai rabin rula ba, bakinsa jere da haƙora masu ruwan zinariya. In datti ko laima ya kama haƙoran nan, kwamfuta sai ta ƙi tashi. Ka kunna ta ta yi ƙara, fuskarta baƙi ƙirin, mai ita ya ɗauka ta mutu. Sai ka zare ram ɗin, ka goge haƙoran da kilina, ka hure, ka mayar. Aikin minti biyu ne.

Ranar da na fara yin wannan aikin ni kaɗai, Malam Isiyaku ya fita sayen goro. Wani mutum ya shigo da kwamfutarsa a rungume kamar mara lafiya. A gabansa na zare, na goge, na mayar, ta tashi. Ina ta washe baki ina jiran yabo.

"Shi ke nan?" in ji mutumin. "Ai da na sani da na yi da kaina." Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ɗauki kayansa ya tafi.

Da Malam Isiyaku ya dawo na ba shi labari, sai ya kama kunnena ya murɗa kamar yana neman tasha a rediyo. "Lawal," ya ce, "mutanenmu ba sa biyan sani, wahala suke biya. In bai ga ka wahala ba, ba shi kwana biyu ya je gida ya yi zaton ta. Kada ka ƙara gyara wa mutum kaya a gabansa."

Daga nan ya koya mini yadda ake yi. Ka karɓi kwamfuta da hannu biyu. Ka kunna, ka kasa kunne. Ka shinshina ta wajen fanka. Ka girgiza kai a hankali, ka ja numfashi, sannan ka ce, "Wannan sai an shiga cikinta sosai. Dawo gobe." Yana juya baya ka ɗauko kilina. Duk layinmu haka ake yi, ba wanda ya ɗauke shi ha'inci, ladabin sana'a muke kiransa. Da wannan ladabin na buɗe shagona, na yi aure, na yi shekaru.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka faɗaɗa titi, aka kwashe layin shagunanmu, kowa ya kama gabansa. Ni na faɗa wani ɗan shago a Abakpa, tsakanin mai wankin hula da mai injin niƙa, inda ba wanda ya san ni. A shekarar ne kuma na lura mutane sun koma yin komai a waya. Sai in wuni ba wanda ya leƙo sai masu tambayar ko ina cajin batir. Yayana Haruna yana sayar da kayan roba a Babbar Kasuwa, bokiti da baho da buta, shi ya riƙe gidana a watannin nan bai taɓa goranta mini ba. Amma wata rana ya zo ya tsaya a ƙofa, ya dubi shagon sama da ƙasa.

"Lawal, wasa ya isa haka," ya ce. "Ana gama Babbar Sallah ka rufe wannan wurin ka zo mu sayar da roba. Bokiti ba ya bukatar wuta."

Ban yi musu ba, don ba a musu da hannun da ke ba ka tuwo. Amma a raina na ji kamar an ce in yanke yatsuna. Saura wata guda Sallah, ke nan wata guda ya rage mini a sana'ar da ban iya wata ba sai ita.

Kwana biyu bayan haka wani dattijo ya shigo, farar riga, farar hula, biro biyu a aljihun gaba, da kwamfutar cinya a cikin jakar yadi. Ya ce sunansa Alhaji Mudi, ya yi ritaya daga ofishin ajiyar fayil na wata ma'aikata. Ya ce shi ne shugaban kwamitin wata makarantar al'umma a Unguwar Sarki, wani bawan Allah ya ba su kyautar kwamfutoci cike da aji, suna neman wanda zai riƙa kula da su duk wata.

"Amma kafin nan," ya ce, "duba mini wannan tawa. In na ga hannunka, sai mu yi magana."

Aikin makaranta duk wata, ai shi ne tsakanina da bokitin Yaya Haruna. Na kunna kwamfutar. Ta yi ƙara, fuska baƙi. Tun kafin ƙarar ta ƙare na san ram ne. Kilinata na nan a gefen tebur, har hannuna ya nufe ta, sai muryar Malam Isiyaku ta dawo mini a kunnen da ya murɗe. Na ce wa kaina, in na yi wannan a minti biyu, tsohon nan zai ce wasan yara ne, ya je ya nemi babban injiniya. Na janye hannu. Na shinshina fanka, na girgiza kai, na ja numfashi.

"Baba, wannan sai an shiga cikinta sosai. A dawo gobe."

"Ina za ni?" in ji shi. "Na yi ritaya."

Ya ja bencin nan da kuke zama a kai, ya shigo da shi ciki, ya fito da ƙaramar rediyo da fulas ɗin shayi daga jakar yadin, ya harɗe ƙafa. "Bismillah, Injiniya. Shiga cikinta."

To, ku masu kallon bidiyo, wane bidiyo ne ya koya muku yadda ake cinye wuni guda a kan kwamfutar da ba abin da ke damunta? Na shimfiɗa farin ƙyalle. Na kwance noti ɗaya bayan ɗaya, ina jera su sahu sahu. Na ɗauko mita ina dangwala ta nan da can, ina cewa "uhm" a inda ya dace. Na cire fanka na wanke ta, alhali ta fi rigata tsabta. Jifa jifa Alhaji ya rage muryar rediyo.

"Me ka gani, Injiniya?"

"Baba, wuta tana shiga, amma ba ta isa inda aka aike ta."

"Haka fayil ke yi," ya ce, ya kurɓi shayi.

Na sa rai da azahar, na ce in ya tafi masallaci zan yi wuf in goge. Ana kiran salla ya miƙe ya ce in rufe shago mu tafi tare, ya kuma tsaya kusa da ni a sahu, kafaɗa da kafaɗa. La'asar ma haka. Da yamma ta yi na ce to, ya bar ta ta kwana, in ƙarasa da safe. Ya ce shi kayansa ba sa kwana a waje, tun yana aiki bai taɓa barin fayil a teburin wani ba. Ya aro faranti mai murfi a gidan mai niƙa, muka kwashe kwamfutar gunduwa gunduwa muka zuba, notunan a ƙullin leda, ya ɗauka ya tafi kamar mai kai abincin biki.

Washegari na zo buɗe shago na same shi a ƙofa da farantinsa. Tunda jiya na gama kwance abin da ake kwancewa, yau dole in shiga inda ba ni da dalilin shiga. Na fara ɗaga madannai. A ƙarƙashinsu akwai wata siririyar igiya mai faɗi, laushinta kamar ledar biredi, ita ke haɗa madannai da uwar kwamfutar. Ina riƙe da ita da ɗan hantsaki, mai niƙa ya tada injinsa. In injin nan ya tashi, teburina rawa yake yi. Hannuna ya goce, na ji ƙyat. Igiya ta rabu biyu.

Gumi ya karyo mini, na gaske wannan karon. Na dubi abin da na aikata. Kwamfutar da ta shigo da ciwon minti biyu, yanzu na sa mata na kwana uku da hannuna.

Alhaji ya leƙo ta saman tabarau. "Yauwa," ya ce. "Yau kam na ga aiki ya kankama."

Irin wannan igiyar ba a sayar da sabuwarta, sai dai a cire daga gawar wata kwamfuta irinta. Na ce masa zan shiga kasuwa neman wani ƙaramin kaya. Ya ce dama yana son miƙe ƙafa. Haka muka wuni biyu a Babbar Kasuwa ni da dattijon nan, daga rumfa zuwa rumfa, ina tona tarin matattun kwamfutoci, shi yana tsaye a bayana da lema yana gaisawa da mutane. Sau biyu hanya ta bi da mu ta gaban rumfar Yaya Haruna. Duk sau biyun sai ya ɗaga wani jan bokiti ya kaɗa mini shi daga nesa.

A rana ta huɗu na samu igiyar a wurin wani Bakatsine, a cikin kwamfutar da akuya ta taka. Na dawo na zauna na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Wurin da igiyar ke shiga ya ɗan tsage, na gyara shi da bakin allura, numfashi ma a hankali nake yi. Na mayar da komai, ko noti ɗaya bai yi saura ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara sana'a. Da na zo kan ram, sai na yi kamar ya suɓuce mini ƙarƙashin tebur, na sunkuya da kilina a tafin hannu, na goge shi a can cikin duhu, na ɗago na mayar. Na danna. Kwamfuta ta tashi tas.

Alhaji ya gwada madannan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Ya sallame ni ba tare da ciniki ba. "Maganar makaranta," ya ce, "ka same ni a gida gobe."

Gidansa na Unguwar Sarki, yana zama a zaure a kan darduma, da wani tsohon matashi na fata da yake dogara gwiwar hannu a kai. Na je da sassafe da wankakkiyar riga. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini koko. Sannan ya girgiza kai a hankali, ya ja numfashi.

"Kwamiti bai zauna ba, Injiniya. Dawo gobe."

Na dawo. Sakatare ya yi tafiya Zariya. Na dawo. Sai na rubuto takardar neman aiki. Na rubuto a kwamfuta, ya ce da hannu ake so. Na rubuto da hannu, ya ce da baƙin biro, ba shuɗi ba. Ya ce in kawo hoto biyu. Na kawo, ya ɗaga su a haske ya ce kunnena na hagu bai fito ba. Kullum da fara'a, kullum da koko, kullum gwiwar hannunsa a kan matashin nan. Mako uku ina sintiri tsakanin Abakpa da Unguwar Sarki, har masu shayin layin suka fara gaishe ni da suna. In na fito daga zauren sai in ji kamar in yi kuka, ga haushi, ga ba halin nunawa, don abin da nake nema yana hannunsa.

Sallah ta zo ta wuce. Alkawari kaya ne. Na zuba sukundirebobi da mita da ƙarfen dalma da gwangwanin noti a buhu, na rufe shago, na tafi rumfar Yaya Haruna. Kilinar kaɗai na bari a aljihu, ban san dalili ba.

Kwana uku na yi ina sayar da roba, kuma ban taɓa ganin wanda bai dace da sana'a ba kamar ni. In an ce a ba da baho sai in juya shi in duba ƙasansa ina neman noti. A rana ta uku wata mata ta ɗauki bokiti ta tambaye ni ko yana da ƙarko. Ban san lokacin da na karɓa da hannu biyu, na shinshina shi, na girgiza kai na ce ta dawo gobe ba. Matar ta ajiye ta shiga rumfar maƙwabci. Yaya Haruna ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in je in sha iska kafin ya manta uwarmu ɗaya.

Ban zarce ko'ina ba sai zauren Alhaji Mudi. Na gaishe shi, na ƙi zama a kan darduma, na tsuguna a bakin ƙofa.

"Baba, na zo ne in ce a daina wahalar da kwamiti. Na rufe shago, na bar gyara. Ina roƙon abu ɗaya, in dama ba za a ba ni ba, a faɗa mini yau, in san na rasa."

Ya kashe rediyo. Ya ɗaga gwiwar hannunsa, ya ɗaga matashin fatar, ya zaro wata takarda da ta kwanta luf saboda danni, ya miƙo mini. Takardar ba ni aikin ce, da sunana, da hatimin makaranta, da sa hannunsa. Na duba kwanan wata. Ranar da na mayar masa da kwamfutarsa ce.

"Ba wani kwamitin da ake jira," ya ce. "Sun bar mini wuƙa da nama tun farko. Sa hannun nan aikin minti biyu ne."

Na sake duba kwanan watan.

"Ranar da na shigo shagonka, kwamfutar na yin ƙara, idonka ya tafi kan abin goge fensir ɗin nan na gefen tebur. Hannunka ya miƙa, ya dawo. Ni ban san kwamfuta ba, ɗana, amma wannan hannun na san shi. Shekara talatin da biyar haka nawa yake yi wa biro. Mutum na tsaye a gabana, fayil ɗinsa na ƙarƙashin gwiwar hannuna, in ce ya dawo gobe, don kada ya raina kujerar. Mu ma haka aka koya mana."

Ya gyara matashin, ya daɗe yana kallon ƙofa.

"Akwai wani tsohon masinja da ya yi ta zuwa wurina a kan takardar barin aikinsa. Mutum mai ladabi, kullum sai ya cire takalmi a ƙofar ofis. Ranar da na ga dama na sa hannu, ɗansa ne ya zo karɓa."

Wata tunkiya da ta tsira daga layya ta yi kuka a cikin gida. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na tuna duk waɗanda suka shigo mini da kwamfuta a rungume, ɗalibai masu jarrabawa, masu neman aiki, na shinshina musu fanka na tura su gida.

"Baba," na ce, "to me ya sa aka ba ni, bayan an gan ni?"

"Don na ga yadda ka gyara abin da ka ɓata. Hannunka na da kyau, tarbiyyar ce irin tamu. Sharaɗina ɗaya, duk abin da za ka gyara a makarantar nan, a gaban yara za ka yi shi, su gani da idonsu."

Abin da ya sa ke nan, tun da na sake buɗe shagon nan, kuke gani ina gyara a gaban mai kaya, har kuka ɗauka abin ba wuya. Kuma kada ku ce Malam Isiyaku ƙarya ya yi, har gobe wasu na cewa "shi ke nan?" su bi ni da Allah ya yi albarka. Goge ram kowa zai iya. Ka goge mai kaya na kallonka, ka miƙa masa abinsa a take, wannan ne ya ɗauke ni rabin rayuwa da mako uku na koko.

Na ninke takardar na sa a aljihu kusa da kilina. Na ce, "Baba, yaushe zan fara?"

Ya girgiza kai a hankali, ya ja numfashi. Wallahi na ga kalmar ta taho har bakin leɓensa. Sai ya haɗiye ta, ya laluɓo takalminsa.

"Yanzu," ya ce. "Tashi mu je."